Yaro mai zaɓen abinci da suruka mai hawan jini: me ake iya roƙo a canza a gidan abinci?

Uwar Uku, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga masu sana'ar abinci in akwai su a nan.

Yarana uku. Na farin da autar ba su da matsala, ko tuwon dawa da miyar kuka aka ajiye musu sai sun suɗe kwano. Na tsakiyan ne, ɗan shekara 7, ya zame min jarrabawa. Duk abin da ya ga albasa a ciki ba zai ci ba, ko da sili ɗaya ne. Miya mai yauƙi kuwa, kuɓewa, karkashi, kuka, lalo, duk ɗaya ne a wajensa. Yaji ko ƙamshin attaruhu ya ji sai ya ture faranti. Abincinsa a duniya bai wuce farar shinkafa da mai da gishiri, farar taliya, masa da suga, soyayyen dankalin turawa, dafaffen ƙwai da ayaba ba. In miya ta taɓa gefen shinkafar, shi ke nan ta haramta gaba ɗaya.

A gida na san yadda nake da shi, ina ɗebe masa nasa kafin in haɗa na kowa. Fita ce matsalar. Abban yara yana son in albashi ya shigo ya kwashe mu mu ci abinci a waje, kuma yanzu Hajiya, mahaifiyarsa, tana wajenmu, tare muke tafiya. Ita kuma ga hawan jini ga gyambon ciki, likita ya ce ta rage gishiri da magi da yaji.

Fitarmu ta ƙarshe, a wani gidan abinci da ba zan kama suna ba, na roƙi yarinyar da ke ɗaukar oda ta kawo wa yaron farar shinkafa ba miya, a maimakon salak a sa masa dankali. Hajiya kuma farfesun kifi marar yaji. Sai ta ce min wai yadda yake a rubuce haka ake kawowa. Aka kawo shinkafa an lafta mata miya a ka. Na ce a mayar. Da ta dawo, farantin nan ne dai aka kwashe miyar da cokali, ga jan mai nan ya rina shinkafar. Yaro ko kallonta bai yi ba, muka biya kuɗi cif. Hajiya, kun san su da kara, ba ta ce komai ba, ta ɗan taɓa tuwo ta ce ta ƙoshi. A mota Abban yara ya ce na mayar da mu abin kallo, wai gidan abinci ba kicin ɗina ba ne, abin da ka tarar shi za ka ci.

To ku gaya min gaskiya. Rashin ta ido ne roƙon canji? Me ake iya canzawa, me ba a iyawa? In an cire wani abu daga faranti bai kamata a rage kuɗi ba? Kuma laifi ne in tafi wa yaron da abincinsa a kula?

Mai Abinci, Kaduna

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa kin zo gidan sana'a, don ni da tuwo da shinkafa na aurar da 'ya'ya. Bari in shigar da ke bayan kanta ki ga yadda abin yake.

Abincin gidan abinci iri biyu ne: na tukunya da na oda. Na tukunya shi ne wanda aka ɗora tun da safe. Da asuba ake kai markaɗe inji, tumatir da tattasai da attaruhu da albasa duk a bokiti ɗaya. Wannan markaɗen shi zai shiga miyar dage-dage, shi zai shiga dafa-duka, shi zai shiga faten wake. Gishiri da magi tun a tukunya suke narkewa. Kafin ƙarfe 11 an sauke komai an zuba a manyan kuloli. To in kika zo ƙarfe 2 kika ce miya marar yaji, abin da kike nema shi ne a ɗora miki sabuwar tukunya, a cire ma'aikaciya ɗaya daga kan layi ta tsaya a kanta. Ba rowa ba ce, babu ita ne kawai. Farfesu ma ya fi muni, don citta da masoro da kanumfari da kimba da attaruhu su ne farfesun. Wanda aka riga aka dafa ba mai iya zare masa yaji.

Na oda kuwa shi ne wanda sai kin nema ake yi ko ake haɗawa: wainar ƙwai, indomi, soyayyen dankali, salak, shawarma, gasasshen kifi. Nan ki faɗi son ranki, ban da albasa, ban da yaji, ban da bama, ba wanda zai ji nauyi. Haka farar shinkafa da farar taliya da dafaffiyar doya, tunda daban ake dafa su. Maganar da za ki riƙe ita ce "a sa miya a gefe". Kwano ɗaya ne ƙari a wajen wanke-wanke. Tuwon shinkafa ma ba a sa masa gishiri, don haka Hajiya za ta iya cinsa tana ɗan dangwalar miyar da kanta daidai yadda za ta iya. Masa dai ki tambaya, mu da yawa muna yanka albasa a cikin ƙullun, wasu ma tare suke markaɗawa.

Abin da aka yi miki na kwashe miya da cokali, wannan laifinsu ne tsantsa, kuma ƙazanta ce. A wajena yarinya ta yi haka sai ta ji daga gare ni. Amma bari in gaya miki daga inda yake fitowa. A wasu wuraren duk farantin da ya dawo, a albashin yarinyar ake cire kuɗinsa, albashin da dama bai taka kara ya karya ba. Ita kuma sai ta nemi dabara. A manyan wurare masu kwamfuta kuma kowane abinci da farashinsa a ciki, ba ta da ikon taɓa komai. In ta ce ba a canzawa, kar ki tsaya ja-in-ja da ita, ki ce cikin mutunci ta kira miki manaja ko mai wurin.

Maganar rage kuɗi, nan kam ba na bayanki. Kuɗin faranti ba a ludayin miya yake ba. Yana cikin nama, da mai, da gas, da haya, da man janareta. In na cire miki miya ban tsira da komai ba, don miyar an riga an dafa ta, in ba ta ƙare ba da dare asara ce. Canjin da kika nema na salak zuwa dankali ma ƙari ne a kaina, dankalin turawa ya fi kabeji tsada ga shan mai. Da kin fara da cewa "zan biya ƙarin", da kin ga yadda fuska za ta saki. Mafi sauƙi ma ki daina sayen cikakken faranti kina rage shi. Ki ce farar shinkafa ita kaɗai, dankali daban, ƙwai daban. Sau da yawa ya fi araha.

Lokaci ma yana da nasa. Daga azahar zuwa ƙarfe 3 ma'aikata sun fito cin abinci, ranar Juma'a in an sauko masallaci kuwa ko ruwa ba ma samun sha. Mai buƙata ta musamman ya zo bayan la'asar. Ni yanzu attaruhu daban nake markaɗa shi, saboda kwastomomi masu olsa sun yi yawa, in aka kira ni kafin ƙarfe 10 ina ɗebe miya a ƙaramar tukunya kafin in zuba yaji da magi. Ki nemi wuri ɗaya da za su san ku, ki riƙe shi.

Kula kuwa, in ta yaro ce ba na hanawa, muddin manya sun saya. Ki dai faɗa tun a ƙofa. Masu hanawa tsoronsu kar a ci na gida ciki ya ɓaci a ce nasu ne. Waɗanda ke ƙona min rai ba irinku ba ne masu faɗa tun farko. Masu cinye rabin faranti sannan su tuna yaji ya yi yawa, su ne.

Dattijon Fagge

'Yata, zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba. Wannan sangarta ce, kuma ku iyayen zamani ku kuke shuka ta. Mu da muka taso mu shida a kwano ɗaya, wa ya isa ya ce ba ya cin kuka? In ka tsaya tsince albasa kafin ka ɗago kai an share kwanon. Ba ka ci ba ka kwana da yunwa, da safe ɗumamen tuwon nan ne dai yake jiranka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau kin bi shi da kula gidan abinci, gobe makarantar kwana fa? Gidan surukai fa?

Amma maganar Hajiya daban ce. Wannan lalura ce, ba tsirfa ba. Kuma a nan maigidanki ne bai kyauta ba. Uwarsa ce. Shi ya kamata ya tashi ya je ya sami mai wurin ya ce mahaifiyata ba ta cin kaza da kaza, me za ku iya yi mata? Tsohuwa ba za ta buɗe baki a gaban suruka da jikoki ta ce abinci bai yi mata ba. Ya bar matarsa tana fama, uwarsa ta tashi da yunwa, sannan ya ce an ba shi kunya? Ki nuna masa wannan, ki ce in ji ni.

Nas a ɗakin yara, Katsina

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka kan Hajiya ba abin cirewa. Ta yaron ce zan ɗan saɓa maka, da izininka.

Zaɓen abinci abu ne da aka sani ga yara, ya fi tsanani daga shekara 2 zuwa 6, kuma mafi yawansu suna barinsa da kansu. Wasu yunwa takan sa su saduda, gaskiya ne. Amma akwai waɗanda ba taurin kai ba ne. Santsin kuɓewa ko gurus-gurus ɗin albasa a baki yana tayar musu da zuciya har su yi yunƙurin amai. Irin waɗannan in aka ce sai sun ci ko su kwana da yunwa, za su kwana da yunwar, gobe ma haka. Tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa matsananciyar wannan matsala cikin kundin cututtukansu da sunan ARFID. Ba ina cewa ɗanki yana da ita ba, Uwar Uku, daga nan ba mai iya sani. Abin da za ki duba: nauyinsa yana ƙaruwa daidai da shekarunsa? Abincin da yake ci raguwa suke ko ƙaruwa? Yana yawan gajiya, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari? Na lura a jerin da kika kawo babu nama, babu wake, babu ganye. Ki kai shi a auna nauyi da tsawo a kuma duba jininsa.

Akwai wata masaniyar abinci a Amurka, Ellyn Satter, da ta raba aikin gida biyu: iyaye su ke zaɓar abin da za a ci da lokaci da wuri, yaro shi ke zaɓar ko zai ci da yawan da zai ci. Ki riƙa ajiye masa sabon abu ɗan kaɗan a gefen wanda ya saba, ba dole, ba roƙo, ba alƙawarin alawa. Yaro kan ga abu sau 10 zuwa 15 kafin ya yarda da shi. Wannan aikin gida ne. Gidan abinci, ga hayaniya ga idon mutane ga Abba ya haɗe rai, ba wurin koyar da cin kuɓewa ba ne. Can ki ba shi abin da zai ci a zauna lafiya.

Hajiya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma har da wanda ke cikin abinci. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, don haka "ban da gishiri, a ƙara magi" ba a yi komai ba. Kanwa ma sinadarin da ake gudu a gishiri shi ne a cikinta, ku lura da ɗanwake da miyar kuka. Kilishi da yajin tsire su ma a cike suke. Gyambon ciki kuwa ba yaji ke kawo shi ba, tayar da shi yake. Mafi yawa ƙwayar cutar H. pylori ce, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, waɗanda tsofaffinmu ke sha saboda ciwon gwiwa. In tana shan su ku gaya wa likitanta, don suna taɓa hawan jinin ma.

Ɗalibi, Zariya

Ƙarin bayani kaɗan ga Baba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Kuma an taɓa kawo masa naman damo ya janye hannunsa, Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Barin abin da rai ba ya so ba laifi ba ne. Abin da za a hana yaro shi ne kushe abinci da yatsina fuska a gaban wanda ya dafa.

Bakano a Manchester

Anti, ni a kicin ɗin wani gidan abinci nake aikin dare ina haɗawa da karatu, kuma a nan ni kaina mai zaɓen abinci ne a idonsu. Duk inda na zauna sai na tambaya ko naman halal ne, ko an sa giya a miyar, ko a mai ɗaya ake soya dankali da naman alade. Ba wanda ya taɓa yi min kallon banza. Tambaya ba abin kunya ba ce, kuɗinki za ki biya.

Abu ɗaya zan roƙe ki. Na san akwai masu ba da shawarar wai ki ce yaron yana da alaji, wato jikinsa yana yin bore in ya ci wani abu, don a ɗauke ki da muhimmanci. Kar ki yi. A Ingila tun Disamba 2014 doka ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar da alaji, cikinsu akwai gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, kifi, waken suya da alkama. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin Heathrow, ashe akwai riɗi a ciki ba a rubuta ba. A cikin jirgi abin ya tashi, ta rasu. Dalilinta aka ƙara tsaurara dokar a Oktoba 2021. Shi ya sa in takarda ta shigo kicin da kalmar alaji, komai tsayawa yake: a wanke katako, a sake wuƙa, a sake safar hannu, a ɗauko sabon kasko. Sai ka gama duk wannan ka leƙa ka ga mutumin yana ɗibar abin daga farantin matarsa. Irin haka ke sa masu girki su daina yarda, ranar da mai alajin gaske ya zo a yi sakaci da ransa.

A gida Najeriya kuma mai alajin gyaɗa shi ne abin tausayi. Ƙuli a jikin tsire, tunkuza a kilishi, gyaɗa a miyar taushe, ƙuli a kwaɗon zogale, man ƙuli a suya. Ga irin wannan kwashe abu daga saman faranti ba ya maganin komai, ɗan abin da ya rage ya isa ya kumbura masa maƙogwaro. Wanda yaronsa ke yin borin jini ko kumburin leɓe bayan cin wani abu, asibiti zai nufa, ba manaja ba. Ke dai ki ce "ba ya so", ita ce gaskiya, kuma ta wadatar.

Uwar Uku, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama Nas, siriri ne amma ba ya kwanciya ciwo, nama yakan ci tsoka in an soya ta ƙandas. Zan kai shi a duba jinin in sha Allahu. Kuma Hajiya tana shan maganin ciwon gwiwa da take aike a sayo mata a kemis, yau zan duba kwalin.

Baba, na miƙa wa Abban yara wayar ya karanta saƙonka. Bai ce uffan ba, sai can ya tambaye ni ko ina da lambar wani gidan abinci mai tuwo. Maganar makarantar kwana kuwa ta tsaya min a rai.

Hajiya Mai Abinci, saura tambaya ɗaya. Farfesun kifi shi ne abin da surukata ta fi so. In na kira da safe, akwai yadda za a yi mata shi, ko in cire rai?

Mai Abinci, Kaduna

Kar ki cire rai, na kifi shi ne mai sauƙin. Na kan sa ko na ƙafar saniya ne ba zai yiwu a yi wa mutum ɗaya ba, don awanni yake a wuta. Tarwaɗa kuwa minti 20 ta nuna. Ki ce a ware mata gunduwa biyu ɗanye, a dafa a ƙaramar tukunya in kun kusa isowa: albasa, tattasai marar zafi, citta kaɗan, daddawa a maimakon magi, ban da attaruhu da masoro, gishiri a kawo a gefe ta barbaɗa da hannunta. Za su iya ƙara miki kuɗi kaɗan, ki biya. Kuma ki tambayi sunan wadda ta ɗauki wayar, don masu aikin safe ba su ne na yamma ba, saƙo yakan ɓace a wajen canjin aiki. In kun taso daga gida ki sake kira.